Jirgin da ba shi da inji

Da hantsi, in rana ta ɗau zafi a Malanville, shirwa takan yi ta kewaya bisa kasuwa. Ba ta kaɗa fiffike, amma sai ƙara sama take yi. Me ke ɗaga ta?

Iska ce. Rana tana gasa ƙasa da rufin kwano. Iskar da ke bisansu sai ta yi zafi, ta yi sama, ta ɗauki shirwa.

Wani Bajamushe, Otto Lilienthal, ya daɗe yana kallon tashin farar shamuwar ƙasarsu. A 1891 ya haɗa fukafukai da tsumagu da yadin auduga, ya tashi da su daga kan tudu.

Yau akwai masu ƙera ƙananan jirage marasa inji, da wani katako marar nauyi, balsa. Mai jirgi yana tsaye ƙasa, yana juya wutsiyarsa da na'urar rediyo, yana neman iskar nan mai hawa. In ya rasa ta, dole jirgi ya sauko. In fiffike ya karye, sai a manna shi da gam kaɗan. Gam ya yi yawa, gefe guda ya fi nauyi, jirgi ya karkace.