Worf: jarumin da ya fi 'yan gida riƙon al'ada

Wanda ya taɓa kallon Star Trek da wuya ya manta da shi. Dogo ne ƙaƙƙarfa, goshinsa kamar kunyoyin gona, murya kamar tsawa, kuma sai a yi shiri guda ba ka ga haƙorinsa ba. Sunansa Worf, ɗan ƙabilar Klingon, mayaƙan wata duniya da marubutan shirin suka ƙago.

Mai ɗauke da wannan fuska shi ne Michael Dorn, baƙar fata ɗan Amurka da aka haifa a Texas a 1952, ya tashi a Pasadena. Kafin nan ya fito ɗan sanda a shirin CHiPs, ya kuma ɗan leƙo a fim ɗin Rocky na 1976 a matsayin mai tsaron lafiyar Apollo Creed, ko sunansa ba a rubuta ba. Da aka fara The Next Generation a 1987, Worf ɗan rakiya ne kawai. Sai da Denise Crosby ta bar shirin a zangon farko aka ba shi muƙamin shugaban tsaron jirgin Enterprise, daga nan fa tauraronsa ya haska.

Amma ba ƙarfin damtse ne ya sa aka riƙe shi ba. A labarin, Worf maraya ne. An kashe iyayensa a harin da Romulan suka kai Khitomer yana ƙaramin yaro, sai wani ɗan Adam, Sergey Rozhenko, da matarsa Helena suka ɗauke shi suka raine shi. Al'adar kakanninsa daga nesa ya koye ta, shi ya sa ya riƙe ta gam, ba wasa ba raha. To ranar da ya shiga cikin danginsa sai ya tarar da masu shewa da shaye-shaye, wasu ma maƙaryata, bakinsu cike da zancen mutunci alhali neman mulki suke. Ɗan zango da ya taɓa zuwa garin kakanninsa aka yi wa Hausarsa dariya, ya san irin wannan ciwon.

Inda abin ya fi taɓa zuciya shi ne kashin Sins of the Father na 1990. Majalisar Klingon ta ɗora wa mahaifinsa Mogh laifin cin amanar Khitomer, alhali shugabanta ya san mahaifin Duras ne ya aikata. Gidan Duras kuwa babban gida ne, tona asirin zai jawo yaƙin basasa. Worf ya yarda a ɓata sunansa da na ubansa don a zauna lafiya. 'Yan majalisar suka juya masa baya ɗaya bayan ɗaya, har ƙaninsa Kurn. A ganina babu faɗan takobin da Dorn ya yi da ya kai wannan tsayuwar shiru.

Shi ma Dorn ya sha wuya. Kullum da asuba sai ya zauna sama da awa biyu ana manna masa goshin roba da gashi, ƙarƙashin gwanin kwalliya Michael Westmore. Haka ya yi har 1994, ya koma Deep Space Nine daga 1995 zuwa 1999, ga finafinai. Cikin manyan 'yan wasan Star Trek ba wanda ya kai shi yawan fitowa. A waje kuwa mutum ne mai fara'a, matuƙin jirgin sama da ya mallaki tsofaffin jiragen yaƙi.

A 2023 ya dawo a zango na uku na Picard, furfura fat. Worf ɗin yanzu yana cewa ya rungumi zaman lafiya, har shayi yake miƙa wa mutane, amma takobin na nan rataye a bayansa.