Ƙunar Gashi Ba Ƙunar Wuta Ba Ce

Mai ciwon daji a ƙasar Gumel, in likita ya hukunta a yi masa gashi, sai ya yi doguwar tafiya, ko Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Can akan saita wani haske da ido ba ya gani bisa wurin ciwon, kwana 5 a mako, har mako 3 zuwa 7. Dangin hasken nan ne da Bajamushe Rontgen ya gano cikin 1895. Ba ya isa ga ciwo sai ya ratsa fata, don haka fatar kan taɓu.

Cikin mako na 2 ko na 3 wurin kan yi duhu, ya bushe, ya yi ƙaiƙayi, wani ma ya saɓule yana tsattsafo da ruwa. Amma tsananinsa yakan zo kwana 7 zuwa 14 bayan an gama gashi, sa'ad da majiyyaci ya riga ya komo Gagarawa ko Sule Tankarkar, nesa da likitansa. Nan ne dangi kan firgita, kowa ya kawo nasa magani.

To, a sani, ba a yi mata maganin ƙunar wuta. Kada a shafa toka, ko lalle, ko man zafi, ko turare. Kada wanzami ya kai aska ko ƙaho wurin. A wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ba soso, sa'an nan a tsane da ƙyalle mai taushi. Man shafawa kuwa sai wanda likita ya yarda da shi. A sa rigar auduga mai yalwa. Falken da ba ya fashin kasuwar Maigatari ran Alhamis, lalle ya rufe wurin daga rana. Inda aka ɗaure da bandeji, hukuncin shafa bisa jabira sananne ne wurin malamai.

In wurin ya yi mugunya, ko wari, ko zazzaɓi ya sauko, a hanzarta zuwa Babban Asibitin Gumel. Wanda bai gama gashi ba kada ya gudu saboda fata, ya kai kukansa ga likita. Galibi takan warke cikin mako 4 zuwa 6, ko da duhun ya jima, amma ciwon da aka bari ba ya jira. Kuma ba a ɗaukarta, a ci tuwo akushi ɗaya da shi. Allah shi ba da lafiya.