Tsohon Maganin Hawan Jini da Idon Mai Ciwon Suga

Wanda ya daɗe da ciwon suga, sau da yawa ido ne ke fara kai ƙara. Suga yana cin ƙananan jijiyoyin jinin da ke can bayan ido, su riƙa yoyo, ruwa ya taru daidai inda ido ke ɗaukar hoto. Mutum ya buɗe littafi ya ga layuka sun karkace, fuskar jikansa ta yi masa dishi-dishi. In abin ya yi nisa, sai ido ya shiga tsirar da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, masu saurin fashewa.

A 2001, John Cooke da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano cewa nikotin, sinadarin nan na cikin taba, yana zuga jijiyoyin jini su yi ta tsiro. Ashe a bangon jijiya akwai wasu 'yan ƙofofi da yake ƙwanƙwasawa. Nan tunani ya zo: in aka toshe ƙofofin, ko idon mai suga zai sami sa'ida?

Maganin toshewar kuwa yana nan tun tuni. Sunansa mekamilamin, kamfanin Merck ya fito da shi a shekarun 1950 don hawan jini. Likitoci suka ja baya da shi saboda jiri da taurin bayan gida da yake jawowa. Sai aka mayar da shi ruwan ɗigawa a ido, wanda ko ba komai ya fi allurar cikin ido daɗin sha'ani.

Peter Campochiaro na Jami'ar Johns Hopkins da tawagarsa suka gwada shi a kan mutum 23, ɗigo sau biyu a rana har mako 12, aka buga sakamakon a 2010. Wasu ganinsu ya ƙaru, wasu jiya i yau, wasu ma abin ya ƙara taɓarɓarewa. A ganina wannan ƙyallin haske ne kawai, bai kai a kira shi magani ba. Har yanzu allurar cikin ido da hasken leza ne abin dogaro a asibiti.

Don haka, ɗan'uwa mai suga, ka yar da sigarin nan, ka kuma kai idonka likita ya duba bayansa sau ɗaya a shekara, ko da kana gani garau.