Shara, Ɓera da Zazzaɓin Lassa

Yau batun shara ne.

Me ke kawo ɓera da gafiya tsakar gida? Abinci. Ragowar tuwo ya kwana a buɗaɗɗen kwando, ai ka gayyace su. Fitsarin ɓera da kashinsa a kan abinci kuwa, su ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa, jihar Borno, a 1969. Ya fi tashi da rani.

To, mafita? Bokitin shara mai murfi, a danne da dutse saboda awaki. Hatsi a rufe. Ramuka a toshe da siminti. Kada shara ta kwana, kada a zuba a kwata.

Matasa, mu fara da lungunmu. Allah Ya tsare.