"Allah Ya Ce Mini": Wa Zai Auna Maganar?

A damunar bara na je Kanya, a ƙasar Zuru, domin duba wata gwaggona mai fama da ciwon suga. Na tarar ta jingine maganinta, saboda wani mai wa'azi da ya ratsa garin ya ce Ubangiji Ya nuna masa cewa ta warke. Ƙafarta ta kumbura, amma duk gidan an rasa mai buɗe baki. Wa zai yi jayayya da Allah?

A matsayina na manazarcin harshe, ginin maganar ne ya tsaya mini a rai. Wanda ya ce "ina ganin kin warke" ya bar ƙofar musu a buɗe. Amma wanda ya ce "Allah Ya ce mini" ya sauke nauyin zancen daga wuyansa, ya mayar da duk mai tambaya tamkar mai saɓo.

Alhali kuwa Littafi Mai Tsarki, wanda ke hannunmu da Hausa tun 1932, umarni ya bayar da a bincika. 1 Yohanna 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta nuna annabcin da bai cika ba, ba daga Ubangiji yake ba. Mutanen Bereya ma yabo suka samu da suka auna wa'azin Manzo Bulus da Nassi.

Mai karatu, sakaci da wannan umarni ya ci rayuka. A shekarar 2000 fiye da mutum 700 suka halaka a wata ƙungiya da ke Kanungu ta ƙasar Yuganda, wadda shugabanninta suka yi da'awar wahayin tashin duniya. Daga 2023 an tono gawarwaki sama da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan Paul Mackenzie da aka sa su azumi har mutuwa.

Saboda haka, duk wanda ya zo mana da wahayi, mu yi tambaya uku. Shin ya dace da Nassi? Shin mai shi ya yarda dattawan ikkilisiya su auna shi a fili? Idan ya zama ƙarya, wa zai ɗanɗana kuɗarsa? Zinariya ba ta tsoron wuta.

Gwaggo dai ta koma asibiti, bayan da dattawan cocinsu suka zauna da ita, suka tuna mata cewa Luka da ya rubuta Bishara likita ne. An ceto ƙafar, amma yatsu biyu sun tafi. Allah Ya ba mu basirar rarrabewa, amin.