Tarawa da Ɗebewa: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

A azuzuwan firamare da dama, malami kan gama darasin tarawa tsaf, sai bayan makonni ya buɗe na ɗebewa kamar ba su taɓa haɗa hanya ba. Shi ya sa za ka ga yaro ya haddace cewa 5 a tara da 3 ya zama 8, amma da an ce masa 8 a ɗebe 3, sai ya koma ƙirga yatsu tun daga ɗaya, alhali amsar tana bakinsa.

Maganin ba ya cin ko kwabo. A zube tsakuwa 8 gaban yaro, ya ƙirga da kansa. A rufe 3 da tafin hannu, a tambaye shi: nawa kake gani, nawa suka ɓuya? A ɗage hannu, su koma 8. A maimaita, wannan karon a rufe 5 ɗin. A hankali zai lura cewa tsakuwar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Kashi biyu ne ake haɗawa ana rabawa. Daga 3 da 5 da 8 kaɗai zai fitar da lissafi huɗu: 3 + 5 = 8, 5 + 3 = 8, 8 − 3 = 5, 8 − 5 = 3. Kada a yi gaggawar kai shi ga alli da allo, sai hannunsa ya saba tukuna.

Mai shago ma haka yake yi kullum. Ka sayi kayan naira 350, ka miƙa 500, sai ya ce, "Ga hamsin, ɗari huɗu ke nan, ga ɗari, ɗari biyar cif." Ɗebewa ya yi, amma ta hanyar tarawa. Yaron da ake aika saye ya sha jin wannan, don haka tambaya irin "6 da nawa za su cika 10?" ba baƙuwa ba ce a kunnensa. A ganina ta fi "10 a ɗebe 6" amfani a farkon koyo.

Sai dai abin yana son haƙuri. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya lura cewa iya juya aiki baya cikin tunani kan zauna da gindinsa ne wajen shekara 7. In ɗan shekara 5 ya kasa, tsawa ko bulala ba za su gaggauta shi ba.

Akwai tarko guda. Da yaro ya ga 3 + 5 daidai yake da 5 + 3, sai ya zaci ɗebewa ma ana juya ta, ya rubuta 3 − 8 = 5. A ba shi tsakuwa 3, a ce ya ɗebo 8 daga ciki. Shi da kansa zai yi dariya. Daga nan a koya masa duba aikinsa: in ya ce 9 − 4 = 6, ya tara 6 da 4 ya ga ko 9 ta dawo.