Allurar Mita Ba Ta Ƙarya, Sai Dai Mai Karatu Ya Yi Kure

A garuruwan ƙasar Wudil, irin su Kausani, ba a yar da rediyo ko fanka ko fitilar caji don sun tsaya. Wurin mai gyara ake kai su, shi kuwa madogararsa ita ce mitarsa, kuma har yau akwai masu riƙe da mita mai allura. In ya karanta ta ba daidai ba, sai ya yanke wa lafiyayyen abu hukuncin mutuwa. Mai kaya ya biya kuɗin mota zuwa Wudil, ko ma Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya sayo sabo a ɗaura, amma ciwo na nan inda yake.

Awon da ya fi jawo wannan hasara shi ne na turjiya, wato gwargwadon yadda waya ko resista ko koyil ke tauye wutar lantarki. Ma'auninta shi ne om, daga sunan wani Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idar a 1827. Mita mai haɗa wannan awo da na ƙarfin wuta kuwa, wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, shi ya ƙago ta, aka fara sayar da ita a 1923 da sunan Avometer.

Batirin da ke cikin mita shi ke tura wuta ta ratsa abin da ake aunawa. In wuta ta wuce da yawa, allura ta tafi dama. Don haka sifirin om yana hannun dama, manyan lambobi kuwa sun cunkushe a hagu. Da yake batir yana raunana kullum, tilas a daidaita mita kafin kowane awo.

Da farko a kwantar da ita a wuri mai bai ɗaya. A duba allura ta zauna daidai kan layin ƙarshe na hagu, in ta kauce a murɗa ɗan sukurun da ke ƙarƙashinta. Sa'an nan a haɗa bakin wayoyin gwaji biyu, baƙa da ja, a murɗa maɓallin daidaitawa har allura ta tsaya kan sifiri. Duk lokacin da aka sauya mataki, sai an sake wannan. In ta ƙi isa sifiri, batir ya yi sanyi, a canja shi. Mita irin Sanwa YX-360TR tana da batir biyu masu bolt 1.5, da wani mai bolt 9 domin mataki mafi girma.

Na biyu, a zaɓi matakin da zai kai allura tsakiyar fuska, inda lambobi ke da sarari. Alal misali, resista mai zobe ja uku om 2,200 ne. A matakin ×1 allura da ƙyar za ta motsa, karatun ya zama cinta kawai. A matakin ×100 kuwa za ta tsaya kan 22, a ninka sau ɗari, lissafi ya fito. In zobe na huɗu ruwan zinariya ne, an yarda masa kaucewar kashi 5 bisa ɗari, wato daga 2,090 zuwa 2,310 lafiyarsa lau.

Na uku, kada yatsu su taɓa ƙarfen wayoyin biyu, domin jikin mutum ma hanyar wuta ne. In turjiyar jiki ta zo daidai da ta resista mai om 100,000, mita za ta nuna 50,000, a zargi abin da bai yi laifi ba. Hannu mai gumi ya fi ɓata awo.

Bugu da ƙari, ba a auna turjiya da wuta a jikin na'ura. A zare ta daga soket, a cire batiranta, a sauke cajin da ya saura a kondensa, in ba haka ba mita na iya ƙonewa. A kuma narkar da dalma a ɗaga ƙafa ɗaya ta resista, don kada maƙwabtansa su shiga lissafi.

Shi kuma ɗan madubin da ke fuskar mita yana da aikinsa. Mai karatu ya tsai da idonsa inda allura ta rufe hotonta a madubi, domin kallon gefe yana ƙara lamba ko ya rage. Lokacin hunturu, goge murfin roba da busasshen ƙyalle yana tara cajin da ke jan allura, sai a hura masa numfashi kafin a karanta.

Muna kira ga iyayen gida masu koyar da yara gyara su fara da waɗannan ƙa'idodi kafin su miƙa musu dalma. Haka kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, kuma take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote tun 2022, za ta kyauta in ta riƙa shirya wa masu gyara na karkara gajeren kwas. Daidaita allura ba ya cin minti ɗaya, amma yana tsare aljihun talaka da mutuncin mai sana'a. Allah Ya sa mu dace.